Jika 450 a hannu: sabon babur ɗan Caina ko tsoho mai asali?

Madam ta Zariya: Assalamu alaikum 'yan zaure, ina kwananku, ya sanyi? Shawara ta kawo ni. Wannan watan na kwashi adashe, na haɗa da 'yan kuɗin da na daɗe ina ƙullewa, yanzu jika 450 na sefa ke hannuna. An mayar da ni wata lakwal can gaba da Jiratawa, kuɗin kabu-kabu safe da yamma kuma yana neman cinye albashin. Ran Litinin na zaga wajen masu babura nan Maradi, uku suka tsaya mini a rai: wata jar sukuta sabuwa dal wadda ba ruwanta da giya, da roba-roba ɗan Caina shi ma sabo, sai wani tsohon ɗan Japan na hannu da mai shi ya sa wa kuɗi kusan na sabon. Maigida ya ce kayan Caina wata 6 ne sai a koma ƙafa. Abokiyar aikina kuwa shekara 4 ke nan tana hawan nata. Ni ban san komai a kan inji ba, kuma in kuɗin nan suka salwanta ban san ranar da zan sake haɗa irinsu ba. Masu sani ku taimaka.

Kabu-kabu Ba Hutu: Wa'alaikumus salam Madam. Kafin a zo maganar iri, yaya hanyar take? Kwalta ce har bakin lakwal ko da rairayi?

Madam ta Zariya: Mafi yawa kwalta ce, amma kilomita 4 na ƙarshe rairayi ne zalla, da damina kuma wani wurin taɓo. Zuwa da dawowa zai kai kilomita 35.

Kabu-kabu Ba Hutu: To ki cire jar sukutar nan daga ranki. 'Yar taya gare ta, inci 10 ko 12, da ta shiga rairayi sai ta nutse tana wutsil-wutsil, ke za ki koma turin ta. Roba-roba tayarsa inci 17 ce, ita ke yanka ƙasa. Sukuta ta cikin gari ce, daga gida zuwa gidan biki.

Maman 'Yan Biyu: Gidan bikin ma sai ta ga dama. 'Yar'uwa ni zan ba ki labari, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Irinta na saya bara waccan, ni ma kyau ne ya ja ni. Wata 3 na farko ba a magana: ba giya, ba kuloci, ki murɗa ki tafi, ga wurin sa jaka ƙarƙashin kujera, zaninki ko kusa da taya ba ya zuwa. Sai batir ya fara nasa. Da safe in danna sitata ta yi ƙyas ta yi shiru, ga yara sun sa kayan lakwal suna kallona, ga ni ina dukan kik da zani. Daga nan robobin gaba suka kama rawa, kusoshi na zuba ɗaya bayan ɗaya. Wadda ba na mantawa ita ce ranar da bel ya tsinke mini kusa da babbar kasuwa, ran Juma'a, rana tsaka, cikin turmutsutsun amalanke. Aka karaɗe garin nan ba a samu daidai nata ba, sai Kano aka aika, mako 3 tana jingine a zaure. Yanzu tana tafiya, amma ko Tibiri ban yarda in je da ita ba.

Baba Tsoho: Ɗiyata, araha ba ta ado. Ni babur ɗina ɗan Japan na saye shi tun kafin a karya darajar sefa a 1994, ga shi nan a zaure, bugu ɗaya yake tashi. Da shi 'ya'yana sunka koyi tuƙi. Ƙarfe ne na gaske, ko tanki ka ƙwanƙwasa sai ka ji amo. Na yanzu gwangwanin madara ne anka shafa wa fenti. Ki ɗauki tsohon nan ki huta, da tsohuwar zuma ake magani.

Mai Garaji: Baba, da girmanka, naka daban ne. Hannu ɗaya ya riƙe shi shekara 30, kai ke masa juye da kanka, ba a taɓa ɗora masa buhun gero ba. Tsohon kasuwa wani abu ne. Na buɗe irinsu ba adadi: tanki ɗan Japan, shasi ɗan Japan, amma fistan da ringi da kafireta duk na Caina, an sa an cire an sake sawa. Madam za ta biya kuɗin suna ta koma gida da tsohon ɗan Caina. In dai ɗan Cainan za ta hau ko ta wace hanya, ai gara sabo.

Baba Tsoho: Laifinku ne makanikai, ku ke cire na kirki ku sa na banza.

Mai Garaji: Na kirkin ina yake Baba? A nemo mini fistan na asali na babur ɗinka a garin nan. In an dace an samu, a faɗa wa zaure kuɗinsa.

Ɗan Jami'a: Iyayena ku ba ni dama in ɗan sa baki. Abin da muke kira ɗan Caina, yawancinsa zanen Japan ne. Injin 125 da ke jikin baburan kabu-kabu da yawa kwafin Honda CG125 ne, wanda ya fito a 1975, kuma labarinsa kamar don mu aka yi. Injiniyoyin Honda sun zaga ƙasashe irin su Tailan da Filifin da Pakistan don su ga yadda talaka ke riƙe babur. Suka tarar ana hawa mutum 3 da kaya, ba a juye sai mai ya zama kamar kwalta, ba a zuwa garaji sai inji ya mutu. Sai suka ƙera inji marar tarkace da yawa wanda zai jure wannan wahalar, har da soson iska da ake wankewa a mayar. Injin kwance na roba-roba kuma jikan Super Cub ne na 1958, wanda aka ƙera fiye da miliyan 100 nasa. Don haka zanen ya daɗe da cin jarrabawa. Abin dubawa shi ne da wane ƙarfe aka zuba shi, kuma wa ya duba shi kafin ya bar masana'anta. Sannan Caina ba masana'anta ɗaya ba ce. A birnin Chongqing kaɗai akwai Lifan da Loncin da Zongshen, Loncin ɗin nan har inji take ƙera wa BMW. Haojue ta Jiangmen tare take aiki da Suzuki. A gefensu kuma ga ƙananan wurare da ke sayen inji nan, shasi can, su haɗa su manna sunan da mai oda ya zaɓa.

Kabu-kabu Ba Hutu: BMW kuma! Ɗan boko ka fara. Wato ni da mai BMW 'yan ɗaki ɗaya ne ban sani ba.

Alhaji Mai Kwali: Yaron nan gaskiya ya faɗa. Shekara 15 ina cikin harkar nan, na je Caina da ƙafata. Can ba a tambayarka wane babur kake so, tambayarka ake nawa za ka biya. Ka ce a rage maka dalar Amurka 30 a kowane ɗaya, ba mai yi maka musu, sai dai daga jikin babur ɗin ragin zai fito: taya mai tauri, ƙaramin batir, sarƙa mai saurin miƙewa, wayoyin wuta sirara, ƙarfen shasi a rage masa kauri. Fenti da sitika kuwa iri ɗaya sak. In anka jera guda 2, ni kaina sai na duba taya na ɗaga na ji nauyi kafin in bambanta. Mu kuma abin da ke tafiya muke kawowa. Na taɓa kawo mai kyau, jika 60 ce tsakaninsa da na maƙwabcina. Ya sayar da nasa kaf ya sake oda, nawa na nan na shan ƙura. Tun da anka rufe iyakar Benin a 2023 kaya sunka bar Kwatano sunka koma Lome, su ratso Burkina, kuɗin hanya ya hau, kowa na neman inda zai rage. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Maman 'Yan Biyu: Alhaji ai mu ba a ce mana rariya ba ce. Mai shagon har rantsuwa ya yi wai lamba ɗaya ce. Da na koma masa da maganar garanti cewa ya yi garanti ya ƙare tun ranar da taya ta taka kwalta.

Alhaji Mai Kwali: Hajiya ba wurina kinka saya ba.

Kabu-kabu Ba Hutu: An fara talla ke nan. Alhaji faɗi lambar shago mu huta.

Mai Kula da Zaure: Jama'a a kiyaye. Ba talla, ba ambaton shagon kowa da sharri. Madam shawara ta nema.

Mai Garaji: Bari in faɗi abin da hannuna ke taɓawa kullum, don duk wanda ya lalace wurinmu yake ƙarewa. Maganar Alhaji haka take, akwai daraja-daraja. Amma ko mai kyan ne, rabin ciwonsa nan Maradi yake ɗaukarsa, ranar da anka fasa kwali. Babur ba a haɗe yake zuwa ba. Taya daban, kai daban, robobi daban, batir ko ruwa ba a zuba masa ba. Yaran da ke haɗawa a bakin shago kan kowane ɗaya ake biyansu, saboda haka gudu suke. Ba mai sa giris a boris ɗin wuya, ba mai bin wayoyin wili ya ɗaure, wani noti a matse shi har ya ci zare, wani a bar shi da ƙarfin yatsa. Wayoyin wuta a cusa su bayan fitila yadda sunka samu shiga. Batir a zuba masa ruwa a ɗaura nan take, ba a bar shi ya sha ba, ba a yi masa caji ba. Bayan wata 2 kai ya kama ƙara, sigina ta mutu, taya na rawa, sai a ce Caina. Kusoshin Maman 'Yan Biyu da batir ɗinta, ina kyautata zaton daga nan ne.

Sai man da ke zuwa cikin sabon inji. Ni ban yarda da shi ba, zubarwa nake tun kafin a tada. Sannan rodaj: kilomita 500 na farko ba gudu, ba goyon ƙato, a dawo a sake juye, a duba bawul, a bi noti ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya taɓa ganin man farkon nan a rana ya ga garin ƙarfe na ƙyalli a ciki. Injin nan ba shi da matatar takarda irin ta mota, 'yar raga ce da ɗan kofin da ke tara datti, kuma duk man cikinsa bai wuce lita 1 ba, na roba-roba ma bai kai ba. Iska ce kaɗai ke sanyaya shi, a zafin Afrilu na garin nan. To mutum ya bar mai ɗaya wata 5, ko ya sayi na awo a kwalba wanda ba a san daga injin wa anka tatso shi ba, mi yake jira? Ni a kilomita 1,000 nake cewa a juye, mai hanyar rairayi ma kada ya kai.

Amma wanda ya fi kashe inji a ƙasarmu ƙura ce. Soson iska ya toshe ko ya yage, rairayi ya bi kafireta ya shiga ciki, yana cin ringi kamar samfefa. Lokacin hunturu mako 2 ya isa a ciro shi a wanke, a bar shi ya bushe, a ɗan shafa masa mai a mayar. Aikin minti 10 ne, ko Madam za ta iya da sukuddireba. Babur na hayaƙi yana shan mai tun bai shekara ba, in ka buɗe akwatin iska sai ka kwashe ƙasa cikin tafin hannu.

Madam ta Zariya: Ikon Allah. Yaya, duk wannan ba wanda ya faɗa mini a kasuwa. Ina ta kwafewa a littafin shirin darasi.

Maman 'Yan Biyu: Malam Mai Garaji, ka wanke kanku tas ka bar Caina da yaran shago da mu masu hawa. To ni wani ɗan'uwanku ne ya cire mini soson nan gaba ɗaya ya ce sukuta za ta fi jan numfashi. Wani kuma ya yanke wayar da ya kasa gane inda ta nufa ya naɗe da leda. Sau 2 ina biyan kuɗin buji na asali, ashe wanke tsohon ake a mayar.

Mai Garaji: Hajiya ban musa ba, akwai su, kuma kunya suke ba mu. Yaro ya yi wata 8 wurin maigidansa, ya sayi sifana 3 da guduma, ya samu inuwar dogon yaro, shi ke nan ya zama makanike. Cire soso kuwa gaskiya babur kan ɗan ƙara kuka, mai shi ya ji daɗi, bayan wata 6 a dawo masa da aikin inji. Sukuta ma ta fi shan wahala a hannunsu don ba su saba da ita ba. Bayan man inji tana da ɗan man giya a baya wanda da yawa ba su san da shi ba, sai ta yi shekara 2 ba a taɓa shi ba. Ki riƙa tsayawa a kan aikinki, kuma duk abin da anka canza ki ce a ba ki tsohon ki tafi da shi.

Kayan gyara ma kala 3 ne a shago ɗaya, cikin kwali iri ɗaya. Akwai na asali, akwai mai bi masa, akwai wanda ni nake kira kai-ni-gida. Yawanci ta Najeriya suke shigo mana, daga 'yan kasuwar Nnewi da Legas zuwa Kano, su biyo Katsina da Jibiya su faɗo Ɗan Isa. Mai babur ya zo ya ce a sa masa mai sauƙi, sarƙa ta miƙe cikin wata 1, ya hau zagin babur.

Kabu-kabu Ba Hutu: Ni dai zan faɗi nawa, don ni ba hawan marmari nake ba, tun asuba har bayan isha'i ina bisa. Na fara da ɗan Caina mai araha, na maigida, ina kai masa kuɗi kullum. Juye ba na wasa da shi. Duk da haka bai cika shekara ba shasi ya tsage ƙarƙashin kujera, anka yi walda, ya sake tsagewa gefen waldar. Wannan ba mai ba ne, ba soso ba ne, ƙarfe ne marar kirki. Kada Malam ya sa mutane su ɗauka duk laifin mai hawa ne.

Mai Garaji: Mi kake ɗora masa?

Kabu-kabu Ba Hutu: Abin da Allah ya kawo. Zogale daga Jiratawa, wani lokaci buhu 2 na gero da mai geron.

Mai Garaji: Buhu 2 kilo 200 ke nan, ga kai ga mai gero, a kan abin da anka yi don mutum 2. Ko jaki ne ai ya kwanta.

Kabu-kabu Ba Hutu: To ai shi ne maganar. Wanda nake hawa yanzu ɗan Indiya ne, kaya iri ɗaya, hanya iri ɗaya, shekara 3 bai ga mai walda ba. Shi ya sa kunka ga 'yan kabu-kabu da yawa sun koma Boxer da TVS. Ba ya shan mai, kayan gyaransa ko a Dakwaro ko Tasawa ka samu, kuma ranar da ka matsu ka kai shi kasuwa kuɗinka na dawowa da kauri. Mai arahar nan kuwa da ka fita da shi daga shago darajarsa ta zube. Aibin abin da kowa ke so ɗaya ne, ɓarawo ma shi yake so. Kwana nake da shi a ɗaki.

Ɗan Jami'a: An yi irin wannan a Biyetnam. Wajen shekarar 2000 baburan Caina masu araha suka cika ƙasar, sai Honda ta fito da Wave Alpha a 2002 da farashin da talaka zai iya, mutane da yawa suka koma. A nan 'yan Indiya ne suka shigo tsakiya. Amma Baba, a yi wa ɗan Caina adalci. A zamaninku mutum nawa ke da babur a unguwa?

Baba Tsoho: Ana ƙirga su da yatsu, wannan gaskiya ne. Bayan 1994 kuɗin kayan waje ya ninka, ma'aikaci ma sai dai keke. Ban ce bai yi rana ba. Na ga mai naƙuda da anka kawo daga ƙauye bisa irinsa, da a da ne sai amalanke. Abin da ke ba ni haushi, mun saba da abu ya lalace mu ce haka Allah ya so. Da can in ka sayi abu, na jikanka ne.

Majo: Tun ɗazu ina karantawa, kowa na maganar inji, ba wanda ya taɓa abin da ke kawo mana mutane asibiti. Inji in ya mutu sauka za ki yi ki tura. Birki da taya su ne rai. Tayar da Alhaji ya ce ana ragewa kuɗi, mai taurin nan, ita ce ke zamewa in an taka birki a kwalta mai rairayi a kai, kuma kun san bakin titunan garin nan. In kuɗi sun rage, a canza tayar gaba tun tana sabuwa. Madam, ki sayi hular kwano ta kirki, ki kuma ɗaure igiyarta, ba ki rataye ta a madubi ba. Sannan hijabi da zani. Na karɓi mata fiye da ɗaya waɗanda bakin hijabi ya shiga sarƙa ko wayoyin taya ya fizgo su ta wuya. Ki zaɓi roba-roba mai murfin sarƙa rufaffe, kada ki yarda makanike ya cire shi ya ce yana ƙara, kuma ki tattare hijabin ki zauna a kansa kafin ki tashi.

Maman 'Yan Biyu: A nan kam sukutata ta fi, duk abin da na faɗa a kanta.

Majo: Ta fi ƙwarai, Hajiya. Da a cikin gari Madam ke aiki ni ita zan ce ta saya.

Wani Ɗan Duwan Mai Ritaya: A ƙara da takardu. Sabo ne ko tsoho, ki karɓi takardar duwan da rasit, ki duƙa da idonki ki gwada lambar shasi da ta inji da abin da ke rubuce. Muna bakin iyaka, babur ɗin da anka sace can yana iya kwana nan, na nan ya kwana can. Tsohon da ba shi da takarda ko kyauta ne kada ki karɓa. Ki kuma ware kuɗin kart giriz, wato takardar mallakar babur, da lamba da inshora daga cikin jika 450 ɗin, kada ki zuba su duka a kan ƙarfe.

Madam ta Zariya: Baba na gode, wallahi ban sa wannan a lissafi ba. To man fetur fa? Nawa zan riƙa ƙonawa?

Ɗan Jami'a: Roba-roba 110 mai lafiya wajen lita 2 yake sha a kilomita 100, rairayi zai ɗan ƙara. Tafiyarki ba za ta cinye lita 1 a rana ba. Da aka rage farashi a Yulin 2024 lita ta sauko daga sefa 540 zuwa 499, sai ki gwada da abin da kike ba ɗan kabu-kabu.

Kabu-kabu Ba Hutu: Ɗan boko kana kore mana kwastoma a gabanmu.

Mai Garaji: Ta riƙa sha a gidan mai in da hali. Tun da Najeriya ta cire tallafi a 2023 ruwa-ruwa, wato man kwalba na bakin titi, ba shi da arahar da ya saba, ga shi kwalba na yini a buɗe cikin ƙura, wani da ruwa a gindi. Rabin wankin kafireta da nake daga nan ne. A sa ɗan tacin mai na roba a tiyo, kuɗinsa bai kai na faranti ɗaya na shinkafa ba.

Auta: Ni fa da ni ne mai lantarki zan saya, ba mai ba juye.

Maman 'Yan Biyu: Da wace wutar za ka yi masa caji, Auta? Firjina ma ya zama kabad.

Madam ta Zariya: Assalamu alaikum, na dawo bayan kwana 4. Mun zauna da maigida na karanta masa komai. Sukuta na haƙura da ita, ko da yake har yanzu in na wuce sai na waiwaya. Tsohon ɗan Japan kuma da na nemi takardar duwan sai mai shi ya ce tana wurin ƙaninsa a ƙauye, ban koma ba. Ɗan Indiya irin na ƙanena Ba Hutu ya fi ƙarfin aljihuna in an haɗa da takardu, ya kuma yi mini tsawo, da ƙyar yatsun ƙafata ke taɓa ƙasa. Na tsaya a kan roba-roba 110, ba mafi arahar ba, na sama da shi, irin wanda abokiyar aikina ke hawa, don na zaga shago 5 kowa na da kayan gyaransa. Na ce a ba ni shi a kwali. Mai shagon ya yi ta kallona, ya ce bai taɓa ganin mace ta nemi babur a kwali ba, kuma ba zai rage kuɗin haɗi ba. Na ce ya riƙe.

Baba Tsoho: Allah ya sa alheri ɗiyata, ya tsare hanya. Ni dai ina nan, bayan shekara 5 a zo a jera shi da nawa.

Kabu-kabu Ba Hutu: Mun yi asarar kwastoma. Allah ya sanya albarka Madam. Ranar farko a rairayi ki sa giya ta 2, kada ki taɓa birkin gaba, ki bar kan ya yi rawarsa.

Mai Garaji: Madam ki sa a ɗora kwalin a adaidaita ran Asabar da safe, kafin rana ta yi zafi. Kada ki bari su zuba wa batir ruwa, kada kowa ya tada shi. Ki taho da lita 1 na mai 20W-50 na babur, mai hatimi a baki, ba na mota ba, na mota kan sa kuloci ya riƙa zamewa. Giris akwai a wurina. Aikin zai kai la'asar, ki zo da littafin naki.

Maman 'Yan Biyu: Malam, in na biyo ta da tawa za ka duba mini man giyar nan na baya? Kuma a mayar mini da soson.

Mai Garaji: Ki kawo. Ki taho da tsohon bel ɗin in yana nan, akwai lamba a bayansa, da ita za mu aika a sayo na ajiya.